Allo na huɗu ne ke ci wa ƙasa kofin ces

Wasan ces, wato darar nan mai gida 64 da ake yi da sarki da sarauniya da dawakai, wasa ne na mutum biyu, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban allonsa ya san cewa babu mai ceton ɗan wasa idan ya shiga uku, domin doka ta hana kowa buɗe baki ya ba shi shawara. Wannan ne ya sa mutane da yawa kan yi mamaki idan aka ce musu akwai gasar ƙasashe a wannan wasa, har da kyaftin da ɗan benci da ƙaramar tuta a kan tebur. Gasar tana nan, sunanta Olimfiyad, kuma hukumar ces ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a birnin Faris a shekarar 1924, ita ce ke shirya ta duk bayan shekara biyu. A 'yan shekarun nan tawagogi sama da 180 ne ke haɗuwa a zaure guda, daga Indiya da Amurka masu manyan gwanaye har zuwa ƙananan tsibirai waɗanda 'yan wasansu malaman makaranta ne da ma'aikatan gwamnati da suka ɗauki hutu suka zo. Na daɗe ina bibiyar wannan gasa, kuma abin da ya zauna mini a rai shi ne cewa sunan da jaridu ke bugawa, wato na gwanin da ke zaune a allo na ɗaya, ba kasafai shi ne ke kawo kofin gida ba. Kofin yakan fito ne daga hannun mutum na uku da na huɗu, waɗanda ko masu son wasan ba duka ne suka san fuskokinsu ba.

Sai an san yadda aka tsara gasar kafin a gane dalili. Kowace ƙasa takan kawo 'yan wasa biyar, huɗu su zauna a allo a kowace rana, ɗaya ya huta. Kafin a fara, kyaftin yakan miƙa jerin sunayensu daga na ɗaya zuwa na biyar, kuma da zarar ya miƙa babu damar sauya jerin har a tashi, sai dai idan an hutar da wani na ƙasa da shi su matsa sama. Ana yin zagaye 11, kuma ba a fitar da kowa, sai dai a riƙa haɗa tawagogin da makinsu ya zo ɗaya, ta yadda mai ci zai riƙa gamuwa da mai ci, wanda ake ci kuma ya riƙa gamuwa da ɗan'uwansa. Idan ƙasa biyu suka haɗu, ana buga wasa huɗu ne a jere a lokaci guda; wanda ya ci wasansa ya kawo maki ɗaya, canjaras rabin maki, kuma tawagar da ta tara biyu da rabi ita ce ta yi nasara. Tun daga gasar Dresden ta Jamus a 2008, nasarar tawaga maki biyu ce a teburin gasa, kunnen doki kuma maki ɗaya, ko da kuwa da ci huɗu da nema aka yi nasarar ko da biyu da rabi. Abin lura a nan shi ne makin allo na ɗaya da na allo na huɗu nauyinsu ɗaya ne. Zakaran duniya zai iya shafe awa biyar yana gumi ya ci wasansa, abokansa biyu su faɗi, na ukun ya yi canjaras, shi ke nan ƙasarsa ta sha kashi.

Ƙasar Norwe ce shaidar da ta fi kowace fitowa fili. Magnus Carlsen ya riƙe kambun duniya daga 2013 zuwa 2023, ya kai makin ƙarfi 2882, wato ma'aunin da FIDE ke auna ƙwarewar ɗan wasa da shi, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa, kuma ya sha zama wa ƙasarsa a allo na ɗaya. Duk da haka Norwe ba ta taɓa samun ko lambar tagulla a matsayin tawaga ba. Mafi kyawun abin da ta yi shi ne matsayi na biyar a Baku a 2016. A gasar Chennai ta 2022 kuwa, inda aka sa ta a matsayi na uku wajen ƙarfi kafin a fara, sai ta ƙare can ƙasa da matsayi na 50, alhali shi Carlsen ya samu lambar tagulla ta ƙashin kansa a allonsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

An fara gasar a hukumance a Landan a 1927 da ƙasashe 16, Hungari ta ci, kuma kofin da wani attajirin Ingila mai suna Frederick Hamilton-Russell ya bayar shi ne har yau ake miƙa wa tawagar da ta yi nasara. Amurka ta ci sau huɗu a jere a shekarun 1930. Gasar 1939 a Buenos Aires ita ce mai ban tausayi a tarihin, domin ana tsakiyar wasa Jamus ta afka wa Polan, yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, 'yan wasa da dama suka ga babu hanyar komawa gida suka zauna a Ajantina. Cikinsu akwai Miguel Najdorf, Bayahude ɗan Polan, wanda aka hallaka iyalinsa a lokacin yaƙin, daga baya kuma ya shafe shekaru yana wakiltar Ajantina a wannan gasa.

Daga 1952 labarin ya koma na Tarayyar Sobiyet. A waccan shekarar ta fara shiga, a Helsinki, kuma abin da ke nuna yawan gwanayenta shi ne cewa an bar zakaran duniya na lokacin, Mikhail Botvinnik, a gida, aka tafi da Keres da Smyslov da Bronstein da Geller, aka kuma dawo da kofin. Ta ci sau 12 a jere har zuwa 1974, jimilla kuma sau 18 kafin tarayyar ta wargaje. Akwai shekarun da ɗan benci a tawagar Sobiyet tsohon zakaran duniya ne ko kuwa wanda zai zama zakara nan gaba. Tigran Petrosian, wanda ya riƙe kambu daga 1963 zuwa 1969, ya buga wasa 129 a Olimfiyad, sau ɗaya tak aka ci shi, a hannun Robert Hübner na Jamus ta Yamma a 1972. Wannan ƙarfi bai faɗo daga sama ba. Gwamnatin Sobiyet ta ɗauki ces a matsayin sana'a, tana biyan manyan 'yan wasa albashi, ta buɗe azuzuwan koyarwa a gidajen matasa na kowane babban gari, kuma gasar cikin gida ta ƙasar takan fi yawancin gasannin duniya zafi. Sau biyu kacal kofin ya kuɓuce mata a tsakanin 1952 da 1990. Na farko a 1976 ne, lokacin da aka kai gasar Haifa ta Isra'ila, Sobiyet da ƙawayenta da ƙasashen Larabawa suka ƙaurace, Amurka ta ci, Libiya kuma ta shirya tata gasar ta kishiya a Tripoli wadda El Salvador ta lashe. Na biyu a 1978 ne, inda Hungari ta sha gabanta da gumin goshinta ƙarƙashin jagorancin Lajos Portisch. Bayan wargajewar tarayyar, Rasha ta gaji sarautar ta ci sau shida daga 1992 zuwa 2002, daga nan kuma ba ta sake ɗaga kofin a zauren gasa ba, duk da cewa sau da yawa ita ke zuwa da 'yan wasa mafi yawan makin ƙarfi. Wannan ma abin dubawa ne, domin yana nuna cewa tara sunaye a takarda daban, tawaga daban.

Ƙasar da ta fi burge ni a duk tarihin gasar ita ce Armeniya. Mutanenta kusan miliyan uku ne, ba su kai na birnin Kano ba, kuma ba ta da man fetur ko wata dukiya ta a zo a gani, amma ta ci Olimfiyad sau uku cikin shekara shida: a Turin a 2006, a Dresden a 2008, da Istanbul a 2012. Gaskiya ne tana da Levon Aronian, wanda yake cikin manyan duniya a lokacin, sai dai a waɗannan gasanni aikinsa mafi yawa shi ne ya tare gwanayen abokan hamayya a allo na ɗaya, ya hana su ci. Mai yanka kuwa yana can ƙasa, musamman Gabriel Sargissian, mutumin da ba a cika gayyatarsa manyan gasannin ɗaiɗaiku ba, amma da zarar an dasa tutar ƙasarsa a gefen allo sai ya zama wani mutum daban. 'Yan wasan sun taso tare, suna zuwa sansanin horo tare kafin kowace gasa, kuma shugaban hukumar ces ta ƙasar a waɗannan shekaru, Serzh Sargsyan, shi ne ya zama shugaban ƙasar daga 2008. A 2011 gwamnati ta mayar da ces darasi na dole a makarantun firamare. Abin da ya fi tabbatar mini da ingancin ginin shi ne abin da ya faru bayan Aronian ya koma wakiltar Amurka a 2021. Kowa ya ɗauka zamanin Armeniya ya wuce. Shekara guda bayan haka, a Chennai, Armeniya ba tare da shi ba ta zo ta biyu, Sargissian ya hau allo na ɗaya ya doke Fabiano Caruana na Amurka, ita kuwa Amurkan da ta karɓi Aronian, wadda aka sa a matsayi na ɗaya kafin a fara, ta ƙare ta biyar.

Gasar Chennai ɗin ta cancanci a tsaya a kanta. A Rasha aka shirya yin ta, amma da yaƙin Yukren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022 aka ƙwace ta aka ba Indiya, wadda ta shirya komai cikin 'yan watanni a garin Mamallapuram da ke gefen teku kusa da Chennai. Rasha ba ta samu izinin shiga ba, Sin kuma ba ta zo ba. A matsayinta na mai masauki Indiya ta samu damar shigar da tawaga fiye da ɗaya, sai ta zuba manyanta a ta farko, ta tara yara matasa a ta biyu. Yaron da aka ɗora a allo na ɗaya na tawaga ta biyu, Gukesh Dommaraju, ɗan shekara 16, ya ci wasanninsa takwas na farko a jere, har da Caruana a ciki. A zagaye na goma suka haɗu da Uzbekistan, wadda ita ma yara ce ta kawo: Nodirbek Abdusattorov ɗan shekara 17 a allo na ɗaya, da Javokhir Sindarov ɗan shekara 16 a na uku, ƙarƙashin mai horarwa Ivan Sokolov.

A waya na kalli wannan wasa. Shafukan da ke nuna gasar kai tsaye suna da wani ɗan sanda a gefen allo, rabi fari rabi baƙi, wanda ke hawa da sauka gwargwadon yadda kwamfuta ke ganin wane ne ke kan gaba. Tsawon sa'o'i sandan nan yana gefen Gukesh, domin ya matse Abdusattorov ta ko'ina, kuma a gefensa abokinsa Praggnanandhaa yana kan hanyar cin Sindarov. Da Gukesh ya ci, ko ma ya yi canjaras, da Indiya ta biyu ta ɗauki wasan, kofin kuma ya kusa shiga hannunta. Amma Abdusattorov yaro ne mai taurin kai, ya ƙi miƙa wuya, ya riƙa samo motsin da zai tsawaita wasan, har fifikon ya narke wasan ya koma daidai. A irin wannan lokaci babban ɗan wasa kan dubi allunan da ke gefensa, ya lissafa cewa rabin maki ya wadatar da ƙasarsa, ya rufe wasan. Gukesh bai yi haka ba, ya ci gaba da neman ci alhali agogonsa na cinyewa, sai ya ɗauki dokinsa ya ajiye a gidan da sarauniyar abokin karawarsa za ta kai wa sarki hari ta kuma kama dokin a lokaci guda. Sandan ya kife gaba ɗaya a cikin daƙiƙa. Yaron ya rufe fuskarsa da hannu ya zauna bai motsa ba har lokacinsa ya ƙare. Aka tashi biyu da biyu. Washegari, a zagayen ƙarshe, Uzbekistan ta haɗu da Holan, alluna uku suka ƙare canjaras, wanda ya ci wasan da ya kawo kofin kuwa shi ne Jakhongir Vakhidov, mutumin allo na huɗu, wanda ya girmi sauran da shekaru kuma ba shi ne ake ɗauka hoto ba. Uzbekistan, wadda aka sa ta 14 wajen ƙarfi, ta zama zakara, Armeniya ta biyu, yaran Indiya kuma suka tashi da tagulla, a gaban tawagar manyansu.

Wannan wasa ya nuna abin da ya raba gasar ƙasashe da gasar ɗaiɗaiku. Ɗan wasa a Olimfiyad da ido biyu yake wasa, ɗaya a allonsa, ɗaya a allunan abokansa. Idan ya ga na gefensa ya shiga matsala, dole ya ƙi karɓar canjaras ya shiga kasada, ko da kuwa matsayin da ke gabansa bai ba shi wannan dama ba. Idan kuma ya ga tawagarsa na kan gaba, sai ya haɗiye son zuciyarsa ya nemi hanya mafi aminci. Kyaftin yana tsaye a bayansu, doka ta hana shi cewa komai game da matsayin 'ya'yan da ke kan allo, amma aikinsa na gaskiya da daddare yake yin sa, lokacin da aka fitar da sunan ƙasar da za a kara da ita gobe: wa zai huta, wa zai riƙe farare, wato 'ya'yan da ke fara motsi, tunda tawaga ɗaya kan samu farare a allo na ɗaya da na uku ɗayar kuma a na biyu da na huɗu, sannan wanda aka ci yau a mayar da shi gobe don ya huce ko a bar shi ya kwana biyu ya dawo cikin hayyacinsa. Irin waɗannan shawarwari ba sa fitowa a cikin jerin motsin da ake bugawa, amma su ne ke raba tawagogin da ƙarfinsu ya zo ɗaya.

Shekara biyu bayan haka, a Budapest a 2024, Indiya ta haɗa wasu daga cikin waɗannan yara da sauran gwanayenta a tawaga guda, ta kuma nuna cewa ta koyi darasin jeri. Arjun Erigaisi shi ne ya fi kowa makin ƙarfi a cikinsu a lokacin, amma kyaftin Srinath Narayanan ya ajiye shi a allo na uku, inda zai riƙa samun waɗanda ya fi ƙarfi, ya bar Gukesh a na ɗaya. Arjun ya tara maki 10 cikin wasa 11, Gukesh ya tara 9 cikin 10. A cikin wasa 44 da tawagar ta buga, ɗaya kawai aka ci ta, wanda Wesley So na Amurka ya ci Praggnanandhaa. Ta ƙare da maki 21 cikin 22, tazarar maki huɗu tsakaninta da Amurka da ta zo ta biyu, kuma Uzbekistan ce kaɗai ta iya riƙe ta kunnen doki. A ɓangaren mata ma Indiya ce ta ci, inda Divya Deshmukh da Vantika Agrawal, masu allo na uku da na huɗu, suka ɗauki nauyin tawagar a ranakun da manyan suka yi tangal-tangal. Wata uku bayan nan Gukesh ya doke Ding Liren na Sin a Singafo ya zama zakaran duniya yana da shekara 18. Wanda ya ga wannan zai iya ɗauka dare ɗaya aka yi, alhali Viswanathan Anand ya zama babban gwani (muƙami mafi girma da FIDE ke ba ɗan wasa) na farko a Indiya tun 1988, kuma an shafe sama da shekara talatin ana buɗe makarantun ces a Chennai da sauran birane, iyaye suna sadaukar da ayyukansu suna yawo da 'ya'yansu gasa-gasa, kamfanoni suna ɗaukar nauyi. Anand kansa, duk girmansa, bai taɓa cin lambar tawaga a zauren Olimfiyad ba, domin a zamaninsa shi kaɗai ne. Lambar farko da Indiya ta samu, tagullar 2014 a Tromsø, ba ya ma cikin tawagar.

Akwai wata hanyar tara gwanaye huɗu, wato a ɗauko su daga waje. FIDE ta yarda ɗan wasa ya sauya ƙasar da yake wakilta bisa wasu sharuɗɗa, kuma Amurka ce ta fi cin moriyar wannan, da taimakon attajiri Rex Sinquefield wanda ya mayar da birnin St. Louis cibiyar ces. Wesley So ya zo daga Filifin, Caruana wanda a Amurka aka haife shi ya dawo daga wakiltar Italiya a 2015, Leinier Domínguez ya zo daga Kyuba, sai kuma Aronian. Ba na ganin laifin 'yan wasan, domin kowa na neman inda sana'arsa za ta ciyar da shi, amma ina jin zafin abin idan na tuna cewa ƙasar da ta raini yaro tun yana ɗan shekara bakwai ita ce ke tashi a tutar babu. Hanyar ta ba Amurka kofi ɗaya, a Baku a 2016, shekara 40 bayan na Haifa, kuma yadda aka same shi abin dariya ne da ban haushi a lokaci guda. Amurka da Yukren sun ƙare da maki 20 kowace, sai aka koma lissafin raba gardama, wanda ke duba yadda ƙasashen da kowace ta kara da su suka ƙare. Manyan gwanayen ƙasashen biyu suka gama nasu suka zauna jiran wani wasa can tsakiyar zaure tsakanin Jamus da Estoniya, waɗanda babu ruwansu da kofi. Da Matthias Blübaum na Jamus ya ci wasansa, sai zinaren ya faɗa hannun Amurka. A ganina tunda Amurka ta riga ta doke Yukren da suka haɗu gaba da gaba, da wannan ya kamata a yanke hukunci, ba da lissafin da ko 'yan wasan ba sa iya yi sai da kwamfuta ba.

Gasar mata an fara ta ne a 1957, kuma 'yan Sobiyet, musamman matan Jojiya irin su Nona Gaprindashvili da Maia Chiburdanidze, su suka mamaye ta har zuwa 1988, lokacin da Hungari ta zo Tasalonika ta Girka da 'yan gida ɗaya su uku, Susan da Sofia da Judit Polgár. Judit tana da shekara 12, ta tara maki 12 da rabi cikin wasa 13, suka ƙwace zinaren, suka kuma maimaita a 1990. Daga baya ta bar gasar mata ta koma tawagar da ake haɗa kowa da kowa, ta taimaka wa Hungari ta samu azurfa a 2002 da 2014.

Nahiyar Afirka ba ta taɓa karɓar baƙuncin Olimfiyad ta hukuma ba, kuma babu ƙasarta da ta taɓa hawa mumbarin lambobin tawaga uku na farko. Masar ce ke gaba, da Bassem Amin, likita, wanda shi ne ɗan Afirka na farko da ya haura makin ƙarfi 2700, da Ahmed Adly wanda ya ci gasar matasa ta duniya a 2007. A kudu da Sahara, Amon Simutowe na Zambiya ne ya fara samun muƙamin babban gwani. Najeriya ta daɗe tana zuwa gasar, kuma tana da abin alfahari guda da mutane ƙalilan suka sani: a Elista ta Rasha a 1998, Odion Aikhoje ya ci lambar zinare ta ƙashin kansa a allo na biyu. Sunan da 'yan Najeriya suka fi sani a yau shi ne Tunde Onakoya, wanda ya shafe awa 60 yana wasa a dandalin Times Square na New York a watan Afrilun 2024 domin tara kuɗin karatun yara, kuma aikin da yake yi na koya wa yaran unguwannin marasa galihu na Legas wasan abin yabo ne ƙwarai. Sai dai wannan wani fage ne daban da gina tawagar ƙasa, kuma har zuwa lokacin da nake wannan rubutu babu babban gwani ko ɗaya da ke wakiltar Najeriya.

Dalilin ba ƙarancin basira ba ne, tsarin samun muƙamin ne ke da tsada. Kafin FIDE ta ba mutum muƙamin babban gwani, sai makinsa ya kai 2500, sannan ya nuna bajinta ta musamman a gasa akalla uku waɗanda a cikinsu ya kara da manyan gwanaye da kuma 'yan ƙasashe dabam-dabam. Irin waɗannan gasanni sun yi ƙaranci a Afirka ta Yamma, don haka sai ɗan wasa ya nemi kuɗin jirgi da masauki da biza ya tafi Turai, ya yi mako biyu, wataƙila ya dawo hannu rabbana, ya sake neman kuɗin wata tafiyar. Makin ƙarfi kuma ba ya hawa sai ana karawa da waɗanda suka fi mutum, saboda haka 'yan wasan da ke juyawa a tsakaninsu kawai sukan tsaya cak a wuri guda, ko da kuwa wasansu ya inganta. Ga irin waɗannan ƙasashe Olimfiyad ita ce kusan dama ɗaya tilo a cikin shekara biyu da ɗan wasa zai zauna gaban babban gwani, musamman a zagayen farko inda ake haɗa rabin sama da rabin ƙasa, kuma ana iya samun ƙananan muƙamai na FIDE kai tsaye daga sakamakon gasar. An kuma raba tawagogi rukuni-rukuni bisa ƙarfinsu, ana ba waɗanda suka yi fice a kowane rukuni lambar yabo, wanda shi ne abin da ƙasa irin tamu za ta iya sa wa ido a yanzu.

A arewacin ƙasar nan wasan ya fi zama a jami'o'i da wasu makarantun sakandare, sai lokacin gasar wasanni ta ƙasa ko ta jami'o'i a tuna da shi a nemo 'yan wasa a gurguje. Amma mutanen da suka iya zama a gindin bishiya tun daga la'asar har magariba suna lissafin dara, suna hango abin da abokin wasa zai yi kafin ya yi, ba za a ce musu lissafin ces ya fi ƙarfinsu ba. Allo da 'ya'yansa ba su kai kuɗin ƙwallo mai kyau da takalmi ba, darussa kuma suna nan kyauta a intanet. Abin da ke da wuya shi ne gasa mai rajista da FIDE wadda za a riƙa yi a kai a kai a Kano da Kaduna da Zariya da Jos, da alƙalai masu takardar shaida, domin yaro ya samu maki a hukumance tun yana ƙarami, mai zaɓen tawagar ƙasa kuma ya samu mutum ashirin da zai zaɓi biyar a cikinsu maimakon biyar ɗin da suke nan tun shekara goma. An ba Uzbekistan ɗaukar nauyin gasar 2026, Abu Dhabi kuma ta 2028, don haka yaron da zai zauna wa Najeriya a allo na huɗu a gasar da za ta biyo bayan waɗannan, yanzu haka yana aji biyar ko shida na firamare.